Masu Yi wa Kifi Ƙarya da Gashin Zakara

Tun ban buɗe baki ba na hango ka taɓe naka. Labari ya iso maka cewa a Ingila da Amurka akwai magidanta, masu gemu da iyali, da ke sayen sanda ta dala 1,000, su zura wandon roba har ƙirji, su shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara su tsaya tun hantsi har almuru. In Allah ya ciyar da su suka kama kifi, sai su ɗaga shi a ɗauki hoto, su lallaɓa shi su mayar ruwa, su koma gida hannu rabbana. Ka ce me? Ƙoshi ne ya kai su? To Malam, gyara zama. Batun ƙoshi ban musa ba. Abin da zai haɗa ni faɗa da kai shi ne da ka zuba su duka a buhu ɗaya ka ɗaure. Ciwon nasu kala-kala ne, kowa da inda nasa ya kama shi, kuma da za ka kulle biyar daga cikinsu a ɗaki guda, kafin la'asar sai an nemi mai rabon faɗa.

Bari in fara wanke maka ido, don na san fatsar da kake gani a ranka: kara, zare, ƙugiya, ga tana tana mutsu-mutsu. A wannan fatsar babu tana, babu komai da ciki zai amfana da shi. Ƙugiya ake naɗewa da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke kiwo, ita suke kira ƙuda. Ka ce to yaya ake jefa abin da iska ma za ta kwashe? Yauwa, ka fara tambayar masu hankali. Nauyin yana jikin igiyar. Mai fatsa yana kaɗa sanda gaba da baya, igiya na warwarewa a sama, har ta miƙe ta ajiye ƙudan a kan ruwa a hankali, mita 10 ko 20 daga inda yake tsaye. Wanda ya iya, abin kallo ne. Wanda bai iya ba, ya kama reshen bishiya, ya kama hularsa, wata rana ya kama kunnen kansa, kuma shi ne babban kamun da zai yi a ranar.

Ka ce iyayin zamani ne, na waɗanda intanet ta lalata? Kifin rijiya ke nan. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum, Claudius Aelianus, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su liƙa gashin zakara guda biyu, su yaudari wani kifi mai ɗigo-ɗigo. A 1496 kuma aka buga ɗan littafi a Ingila mai bayanin ƙudaje 12, kowanne da watan da ake jefa shi. Ƙaryar nan ta girmi kakan kakanka, sai ka yi mata magana da ladabi.

Mu fara da wanda ya fi kowa ɗaga hanci, malamin busasshen ƙuda. A kudancin Ingila akwai koguna da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen alli, ruwansu garau, kana ganin kifin tirawut yana shawagi, shi ma yana ganinka. Test da Itchen su ne manyansu. A bakin Test ne wani mai hali, Frederic Halford, ya kafa mazhaba, littattafansa na 1886 da 1889 suka shimfiɗa sharuɗɗa. Ƙuda ya tsaya a saman ruwa, kada ya nutse. A jefa shi ta inda ruwa ke gangarowa. Kuma kada a jefa sai ga kifin da aka gani da ido ya taso yana cin ƙwari. Ka ce in bai taso ba fa? Sai a zauna a benci a jira. In ya wuni bai taso ba? Sai a wuni. In yana nan ƙasa ana kallonsa, yana ta ciye-ciyensa cikin ciyawa? Sai a yi masa kallon marar tarbiyya a ƙyale shi. Almajiran Halford ba su taɓa cewa nutsar da ƙuda ba ya kama kifi ba. Sun san yana kamawa, shi ya sa ma suka tsane shi. Cewa suka yi mutumin kirki ba ya yi.

Sai ga wani lauya daga Landan, G. E. M. Skues, mai fatsa a Itchen, wanda Allah ya zuba wa bin ƙwaƙƙwafi. In ya kama kifi sai ya zura masa siririn cokali ta baki, ya kwaso abin da ke cikinsa ya zuba a farin faranti. Me ya gani? Mafi yawan abincin tirawut 'ya'yan ƙwari ne da ba su riga sun yi fiffike ba, a ƙarƙashin ruwa yake tsince su. Ya ce to tunda ƙarya za mu yi masa, me ya hana mu yi masa ƙaryar abin da yake ci da gaske? Ya rubuta haka a 1910, ya ƙara a 1921, ashe ruwan dafa kansa ya ɗebo. Halford ya mutu a 1914, rigimar ba ta bi shi kabari ba. A 1938, a ƙungiyar masu fatsar ƙuda ta Landan, dattawa masu furfura suka sa kwat suka yi zaman muhawara a kan ko ya halatta ƙugiya ta nutse ko da taƙi ɗaya. Duba shekarar da kyau. Hitler na shirin cinna wa Turai wuta, su kuwa ga abin da ya hana su barci. Rinjaye ya tafi wajen 'yan busasshe, kuma a shekarar Skues, yana ɗan shekara 80, ya bar kogin da ya yi fiye da shekara 50 yana fatsa a cikinsa. Ka ce a kan gashin kaza? A kan gashin kaza, ranka ya daɗe. Har gobe akwai gaɓoɓin Test da dokarsu ta hana nutsar da ƙuda sai an kai wani wata.

Jikokin Skues ba su ƙare ba, kuma ba su da wuyar ganewa. Za ka ga mutum ya iso bakin kogi, sanda na jingine a bishiya, shi kuwa yana durƙushe yana juya duwatsu yana leƙen abin da ke manne a ƙarƙashi. Ka gaishe shi, ya amsa maka da Latin. Shi ba ya cewa ƙwaro, sai Ephemera danica, kuma in tsautsayi ya sa ka nuna sha'awa, ka shiga uku. Zai gaya maka yadda halittar nan ke yin kamar shekara 2 cikin laka a gindin kogi, ta fito a ƙarshen Mayu da fiffike amma ba bakin cin abinci, ta yi aure, ta zuba ƙwai, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Gaskiya ne kuwa, ni kaina abin na ba ni mamaki. A makonni 2 na fitowarta kifi kan haukace da ci, har wanda bai iya riƙe sanda ba ma yakan kama. Ka ce ai lokacin murna ke nan? Ga kowa, ban da mutuminmu. Shi ransa a ɓace yake, don an wayi gari jahili da masani sun zama ɗaya.

Ka ce duk dai a ƙarshe ruwa suke shiga? Sannu da gaggawa. Akwai waɗanda ko takalminsu bai taɓa jiƙewa ba. Nasu a tebur yake, ƙarƙashin fitila, da almakashi da akwatunan gashi. Megan Boyd, wata mata a kusa da ƙauyen Brora a arewacin Sikotlan, ta yi shekaru masu yawa tana ɗaura ƙudajen kifin salmon da ake rububi a duniya. Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, yana cikin masu sayen nata, a 1971 kuma aka ba ta lambar girma ta masarauta. Ita kanta ba ta fatsa. Ba ta son a kashe kifi. Ta ƙare rayuwarta tana ƙera makami tana tausayin wanda za a harba.

Ga inda zancen ya ƙara daɗi. Salmon a teku yake girma, in ya dawo kogin da aka ƙyanƙyashe shi don ya yi ƙwai, ya daina cin abinci ke nan. Ka ce to me zai kai shi cafkar ƙuda? Wasu su ce fushi, wasu su ce tsohuwar ɗabi'a ce ta ƙuruciya. Turawan zamanin Sarauniya Biktoriya kuwa suka yanke cewa ado yake so. Daularsu na shimfiɗe a duniya, jiragen ruwa na kawo gashin tsuntsaye daga Indiya da Afirka da Kudancin Amurka, sai suka shiga ɗaura ƙudaje masu hawa-hawa. Wani shahararren ƙuda mai suna Jock Scott yana cin gashin tsuntsaye fiye da iri 10, har da na jimina da ɗawisu da zabo. E, zabon da ka sani. Yau kowa ya san salmon zai cafki baƙin gashin kurege da aka ɗaura cikin minti 3 in ya ga dama, in bai ga dama ba ko zinare ka jefa masa ba zai kalla ba.

Amma ciwo in ya kama mutum, ina ruwansa da hujja? Har yanzu akwai masu ɗaura irin waɗancan ƙudaje don a sa a gilashi a rataye a bango, kuma sun nace sai da ainihin gashin da tsohon littafi ya faɗa, alhali da yawa daga cikin tsuntsayen doka ta hana cinikinsu. A watan Yunin 2009 wani saurayi Ba'amurke, Edwin Rist, ɗalibin busa sarewa a babbar makarantar kiɗa ta Landan, ya fasa taga da dare ya shiga gidan adana tarihin halittu da ke garin Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299. Wasu daga ciki Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su daga tsibiran Indonesiya fiye da shekara 140 kafin nan. Ya yi ta fige su yana sayar wa 'yan'uwansa masu ciwon ta intanet. Aka kama shi a 2010, kotu ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 12, bai shiga kurkuku ba. Ka ce ɓarawon kaza a garinku ya fi shi shan wuya? Nan kam ba ni da bakin musu.

Zakara ma bai tsira ba. A jihar Kolorado akwai gonar Whiting da ke kiwon zakaru saboda gashinsu dogo siriri da ake naɗa wa busasshen ƙuda. Wajen 2011 sai yayi ya ɓarke a Amurka, 'yan mata suka fara kitsa irin gashin nan a kansu. Masu gyaran gashi suka yi wa shagunan kayan fatsa tsinke, suka kwashe kaf, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ka so ka ga dattawa na kumfar baki, wai an wulaƙanta gashi mai daraja an sa a kan mutum, maimakon a jefa shi a ruwa kifi ya tauna.

Mu koma ruwa, wajen masu son wahala. Mai fatsar salmon a kogin Spey ko Tweed ko Tay yakan kama wuri tun ana saura watanni, ya biya kuɗin mako guda, ya riƙe sanda mai mita 4 da wani abu da hannu biyu. Ya jefa, ya bari ruwa ya ja ƙudan ya zagayo, ya yi taku ɗaya, ya sake jefawa. Haka daga Litinin zuwa Asabar, don dokar Sikotlan ta hana kama salmon ranar Lahadi, wadda ina zaton ita kaɗai ke cetonsu. Yakan gama makon ko taɓa shi ba a yi ba. Ka tambaye shi yaya aka ji da ruwa, ya ce mako ne mai albarka, ranar Alhamis wani abu ya ɗan ja igiya. Zai shekara yana ba da labarin ɗan jan nan. Ka ce wannan ai caca ce? Saura ƙiris ka canka. Sai dai ɗan caca fatansa ya ci ya huta, shi kuwa wannan da za ka kai shi tafkin da kifi ke cafka a kowace jifa, kafin azahar ya naɗe kayansa yana tsaki.

Ke kuma Hajiya, na ji dariyarki daga can, kin ce irin wannan shirme sai maza. Ki yi haƙuri in ɓata miki zance. Salmon mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda a Birtaniya, mai nauyin kilo 29, mace ce ta kama shi, Georgina Ballantine, a kogin Tay a watan Oktoban 1922, mahaifinta na tuƙa mata kwalekwale, bayan kokawar da ta kai awa 2. Fiye da shekara 100 ke nan maza na bi ba su kamo ta ba. Don takaicin ya cika musu, ba ma da ƙuda ta kama shi ba, da ɗan kifi ne.

Mai kaya kam ba sai na daɗe a kansa ba. Sandunansa sun fi 'ya'yansa yawa. Ga ta gora, da aka tsaga goran kudancin Sin gida 6 aka fere aka manne, ga kwarkwaron naɗe igiya na Hardy, kamfanin da ke garin Alnwick tun 1872, ga riga mai aljihu ta ko'ina, kowanne da abin da ke lilo. Kana jin kacau-kacau ɗinsa tun kafin ka gan shi. Kifi ma yana ji. Da yawansu 1992 ce ta haife su, shekarar da Robert Redford ya fitar da fim ɗin A River Runs Through It, Brad Pitt na tsaye a wani kogi na jihar Montana yana kaɗa igiya. Ana fitowa daga silima lauyoyi da likitocin haƙori suka gano ashe tun asali su 'yan kogi ne. Babban abokin gabar mai kaya shi ne mai tenkara, salon talakawan duwatsun Japan da ke kama kifin ƙorama su sayar: doguwar sanda, igiya ɗaure a bakinta, ƙuda ɗaya, ba kwarkwaro ba tarkace. Tun da aka shigo da ita Amurka a 2009 ta samu masu wa'azin sauƙin rayuwa, waɗanda za su tsare ka awa 2 suna bayanin yadda ba sa bukatar komai.

Mai ƙirge shi ba ya wa'azi, ba ya kallon tsuntsaye. Tun 1981 ake gasar duniya: a ba ka yankin kogi da 'yan awowi, alƙali na biye da kai da ma'auni, kowane kifi a auna a rubuta a saki. 'Yan Folan da Cek ne suka birkita ta a shekarun 1980 da salon da ko jifa babu a cikinsa, ƙudaje masu nauyin dalma a gajeriyar igiya, a tsoma kusan a gindin ƙafa. Suka yi ta kwasar kifi har kowa ya koma kwaikwayonsu. Da Halford zai leƙo ya gani, da ya roƙi a mayar da shi.

Ka ce duk cikinsu babu mai hankali ko ɗaya? Akwai, kuma shi ne wanda ba za ka gani ba, don ya yi doguwar tafiya a ƙafa musamman don kada ya gan ka. Shi mutane ne suka kore shi, kifi hujja ce kawai ta fita daga gida. Edward Grey, wanda ya riƙe harkokin wajen Birtaniya daga 1905 zuwa 1916, yana da ɗan gida a bakin Itchen, ƙarshen mako na yi sai ya sulale daga Landan. Dalilin a fili yake. Idonka na kan ɗan gashin da ke tafiya a kan ruwa, ƙafarka na laluben dutse mai santsi, hannunka na gyara igiya, ina sauran wuri a kai da bashi ko siyasa za su zauna? A nan zan sauke murya kaɗan. A 1996 aka kafa ƙungiyar Casting for Recovery a Vermont, mai kai matan da suka yi fama da sankarar mama bakin kogi, don kaɗa sandar motsa jiki ne mai laushi ga kafaɗa da hannu bayan tiyata. A 2005 kuma Project Healing Waters ta fara da sojojin da suka dawo da rauni suna jinya a asibitin Walter Reed. Ka ga bakinka ya mutu. Kwantar da hankalinka, yanzu zan ba ka abin da za ka farfaɗo.

Na san abin da ke cinka: a kama, a saki. Ka ce ko dai a ci, ko a bar bawan Allah ya yi kiwonsa, wane irin zalunci ne a huda masa leɓe don hoto? Su hujjarsu lissafi ce. Kogi ɗaya, masu fatsa dubbai, in kowa ya tafi da nasa, baɗi sai dai a yi fatsar kwaɗi. Wani Ba'amurke, Lee Wulff, ya fara yaɗa ra'ayin tun ƙarshen shekarun 1930, ƙungiyar Trout Unlimited da aka kafa a Michigan a 1959 ta ɗauka. Suna danne ƙayar da ke bakin ƙugiya don ta fita da sauƙi, suna jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, kuma kuɗinsu da surutunsu sun ceci koguna da dama daga dagwalon masana'antu. Wannan kam a ba su. Amma albishirinka. Ka ce goro mana. Kana da dangi a Turai. A Suwizalan doka ta hana mutum ya je fatsa da niyyar saki tun farko. A Jamus dokar kare dabbobi ta ce ba a wahalar da dabba sai da dalili, ci dalili ne, hoto kuwa a'a, har an ci wasu tara. Ga Ba'amurke na ganin mai cin kifi mugu, ga Bajamushe na ganin mai sakin kifi mugu, kowanne na rantsuwa don kifin yake yi. Ba wanda ya tambayi kifin.

Kafin ka fara taƙama, zo nan. Ka ce mai hankali ba ya ɗaure wa kansa hannu in ya shiga ruwa neman kifi? To me ake yi a Argungu? Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, ake taruwa a kogin Matan Fada. A hana su a wurin har sai biki ya zo, ranar gasa kuma a ce ba taru, ba jirgin inji, sai homa da gora, dubban mutane su ruga ruwa lokaci ɗaya. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma, kana tsammani miyar dare ce ta dame shi? Suna yake nema da kyauta, a kira shi gaban Sarki. Ka ce amma dai mu ba ma mayarwa ruwa? Gaskiyarka, na ba ka maki ɗaya. Ɗaya tak, kada ka karkata hula.

Saura mai fasfo. Kakanninsa ne suka ɗora ƙwan tirawut a jirgin ruwa cikin ƙanƙara suka kai Tasmaniya a 1864, aka kai tsaunukan Kenya a 1905, don kawai Bature ya samu abin jefa wa ƙuda ranar hutu. Jikan ya juya abin, shi yake bin kifi. Yana da jerin sunaye a littafi yana sokewa ɗaya bayan ɗaya: bana Bahamas, baɗi Seychelles, baɗin baɗaɗa gaɓar Bahar Maliya ta Sudan. Kuma kada ka ce abin ya yi nisa da kai. A arewacin Kamaru, a kogin Faro da ke zuba a Binuwai dab da iyakar Adamawa, akwai sansanin da baƙi ke biyan dubban daloli su zo da rani. Da rana su jefa wa tsage ƙuda. Da dare su tsaya a kan duwatsu cikin duhu, dorina na gurnani a gefe, suna jefa wani ƙaton ƙuda don giwan ruwa. Su kama, su auna, su ɗauki hoto, su saki. Giwan ruwa, Malam. Sukutum.

Ka ce nawa na ce suna biya? Au. Ina ce ƙoshi ne? Yanzu kuma har ka matso da kujera, kana tambayar ko suna bukatar ɗan jagora wanda ya san ruwa, kana lissafin zabin da ke bayan gidanka. To shi ke nan, amma aikin da sharuɗɗa. In mai kaya ya maƙala ƙugiya a bishiya karo na 10, ka ce iska ce. In mai Latin ya fara, ka yi ta gyaɗa kai har ya gaji. In kifi ya tsinke igiya ya tafi, maigida ya buɗe hannuwa ya ce ya kai haka, kai ka ƙara masa taƙi ɗaya, a nan tukuicinka yake. In kuma an kama an ɗauki hoto aka miƙo maka ka sa a ruwa, ka sa shi a ruwan kogi. Na kogi na ce. Kada maigida ya sunkuya yana duba hotonsa, ya ɗago ya tarar har ka aika yaro gida a fara jajjagen attaruhu.